Dak'Art: Idan Kotu Ta Zama Zauren Zane, Wa Ake Yi Wa Shari'a?

Duk bayan shekara biyu birnin Dakar na ƙasar Senegal kan cika da masu zane, masu sassaƙa da masu ɗaukar hoto daga sassan Afirka da wajenta, domin bikin fasaha da ake kira Dak'Art. Tun daga 2016 babban baje kolin bikin ya tare a tsohuwar kotun da Faransawa suka gina a unguwar Cap Manuel, ginin da ya shafe shekaru a yashe. Wannan zaɓi shi ne babban abin da ya ɗaga darajar bikin, kuma a ganina shi ne babban tarkonsa.

Ginin yana da kwarjini. Dogayen ginshiƙai, bangon da ya tsattsage, ɗakunan shari'a da babu alƙali babu mai ƙara. Duk wanda ya shiga, idonsa kan fara sauka ne a kan ginin kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Ƙaramin zane da aka rataye a irin wannan wuri yakan zama kamar baƙon da aka ajiye a zauren sarki, ga shi nan zaune amma ba a jin muryarsa. Aikin da ya isa ya tsaya da ƙafarsa ne kaɗai ke tsira.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Abdoulaye Konaté ɗan ƙasar Mali, wanda aka karrama da baje koli na musamman a bikin 2022. Shi ba fenti ne makaminsa ba, yadi ne. Yakan yanka rinanniyar shadda siri-siri, ya jera ta hawa-hawa, launi na shiga cikin launi, har ta rufe bango guda. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marinar Ƙofar Mata ya ga yadda baba ke komawa daga shuɗi mai haske zuwa mai duhu, ba ya bukatar tafinta a gaban wannan aiki. Da kayan da muke ɗinkawa don sallah da biki Konaté yake maganar yaƙi, cuta da zubar da jini a yankin Sahel. A ɗakin da aka saba yanke wa talaka hukunci, sai ga tufar talaka tana ba da shaida. Nan gini da aiki suka yi wa juna rana.

Inda nake da ja shi ne harshe. Jama'ar Dakar da Wolof suke ciniki, da shi suke faɗa da shiri, amma bayanin da ke rakiyar ayyukan yawanci da Faransanci da Turanci yake zuwa, cike da kalmomin masana. Ana yawan yi wa matasan da ke tururuwa suna ɗaukar kansu hoto a gaban zane kallon waɗanda ba su san darajar abu ba. Ni ban ga laifinsu ba. Wanda ba a yi masa magana da harshensa ba, da me zai koma gida in ban da hoto?

Masu shirya bikin sun nuna sun san da wannan giɓi. A 2022 sun fito da shirin Doxantu, wato yawon shan iska da harshen Wolof, inda aka girke manyan sassaƙe-sassaƙe a gefen titin da ke bin gaɓar teku. Ga kuma ɓangaren da ake kira OFF, ɗaruruwan ƙananan baje koli a gidaje, otal-otal da wuraren cin abinci. A can ba a tambayar kowa takardar gayyata, mai tallan gyaɗa da malamin jami'a kafaɗa da kafaɗa suke kallo.

Saboda haka ma'aunina na bikin ba yawan baƙin da suka sauka daga jirgi ba ne. Tambayar ita ce, direban tasin da ya sauke su a ƙofar kotun, ya ji cewa shi ma da shi ake yi?