25 ga Afrilu: Ranar da Ta Cika Ta Batse

Duk mai bibiyar filin "rana irin ta yau" a rediyo ko a jarida ya san ranaku ba ɗaya suke ba. Wata ranar sai ka ji mai gabatarwa yana ta lalube, ya tono haihuwar wani ɗan wasa, ya haɗa da wata yarjejeniya da ba wanda ya ƙara waiwayarta, shi ke nan an tashi. Amma 25 ga Afrilu! Ni dai wallahi ban ga ranar da ta kama ƙafarta ba. Ga yaƙi, ga ilimi, ga rediyo, ga ƙwallo, ga maganar lafiya, duk a rana guda. Abin da ya fi komai ɗaukar raina kuwa shi ne, a tsakiyar wannan cunkoso ga Haɗeja tsaye da ƙafafunta, ba arowa aka yi mata ba, da jinin 'ya'yanta ta sayi gurbinta.

A wannan rana ce ta shekarar 1906 Sarkin Haɗeja Muhammadu ya yi shahada a faɗa da rundunar Turawan Ingila. Tun daga nan sunansa ya koma Mai Shahada, har ma in ka ce "Sarki Muhammadu" kawai sai an tambaye ka wanne. Don mutum ya gane girman abin, sai ya dubi yadda ƙasa take a lokacin. Kano ta faɗi tun watan Fabrairun 1903. Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka cim masa a Burmi a watan Yuli, can ya kwanta dama. A farkon 1906 mutanen Satiru suka tashi, suka kashe jami'an Turawa, aka dawo musu a watan Maris aka shafe garin. Wato duk wanda yake da ido ya ga abin da bindiga mai ruwa take yi wa doki da mashi. Sarki Muhammadu ba baƙo ba ne ga waɗannan labarai. Fatake suna shigowa, 'yan gudun hijira suna ratsawa, labari yana isowa fada. Ya sani sarai, kuma ya tsaya.

Ina ƙaunar wannan sashe na ranar ne saboda ba daga sama ya faɗo ba. Gidan Sambo gida ne da ya saba cewa a'a. Sambo ne ya kafa mulkin Fulani a birnin a zamanin jihadi. Ɗansa Buhari, baffan Mai Shahada ke nan, shi ne ya ƙi sauka da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, ya kuma tarwatsa rundunar da aka haɗo masa a Kaffur, ya ci gaba da mulkinsa har ya rasu a fagen fama a Gogaram a 1863. Shi kansa Muhammadu ɗan Haru ya hau gadon a 1885, ya shekara ashirin da ɗaya yana riƙe da ƙasa mai iyaka da Gumel da Katagum da ƙasar Bade. Mutum ne da ya tsufa a kan sirdi. To irin wannan ne za a aiko wa da manzo a ce ya miƙa wuya?

Rundunar ta taso daga Kano ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. Da suka iso bakin gari suka tura ɗan aike da sharuɗɗansu, amsar da ya samu ita ce mari. Mari! Duk lokacin da na zo nan a labarin sai tsigar jikina ta tashi. Ba doguwar wasiƙa, ba jan ƙafa, ba a ce a dawo gobe ba. Daga nan wuta ta kama. Mahayan Haɗeja suka yi sukuwa suka tunkari bakin bindiga, da aka karya su a fili faɗa ya koma cikin gari, lungu-lungu, gida-gida, har ƙofar fada. Sarki bai nemi ƙofar baya ba, ga kogi ga daji ga hanyar gabas da wasu suka bi kafinsa. Nan ya faɗi tare da 'ya'yansa da hakimansa da bayin sarki da talakawan da tarihi bai riƙe sunayensu ba. Wani abin da ke sosa mini rai shi ne yawancin sojojin da suka riƙe bindigogin nan baƙaƙen fata ne, da yawansu ma da Hausa suke magana. Turawa 'yan ƙalilan ne a kansu suna ba da umarni.

Bayan ƙura ta lafa aka naɗa ɗansa Haruna, wanda ake kira Mai Karamba, sarautar kuma ta ci gaba a gidan har zuwa Mai Martaba Adamu Abubakar Maje da ya hau a 2002. Wani jami'in Turawan, Kyaftin Phillips, da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, kabarinsa yana Haɗeja. Gwamna Lugga kansa bai ƙarasa shekarar a kujerarsa ta Arewa ba. Haɗeja ce babbar masarauta ta ƙarshe a daular Usmaniyya da ta fuskanci Turawa da makami a hannu, shekara uku cur bayan faɗuwar Sakkwato. Da ranar ba ta da komai sai wannan, ya ishe ta.

Amma ina! Ai yanzu ta fara. Dubi wanda ya rasu a ranar: Anders Celsius, masanin taurari ɗan ƙasar Suwidin, a birnin Uppsala a 1744. Shi ne mai ma'aunin zafin nan da ake faɗa mana kullum a rahoton yanayi. Wani abin sha'awa, a tsarinsa na farko sifiri ne wurin tafasar ruwa, ɗari kuma wurin daskarewarsa, sai bayan rasuwarsa aka juya shi yadda muka sani. Ka ga mutumin ƙasar ƙanƙara, amma ranar tunawa da shi ta faɗo daidai tsakiyar bazararmu, lokacin da ma'aunin nasa yake haura arba'in a Haɗeja da Malam Madori da Birniwa. Kogi ya ja baya, yashi ya fito fari fat, an gama yankan alkama a fadama, tsuntsayen da suka yi hunturu a dausayin Baturiya sun kama hanyar Turai. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a kasuwar kifi da azahar a ƙarshen Afrilu, hayaƙin banda yana dukan fuskarsa, gumi yana tsiyaya ta cikin hula, shi zai fahimci abin da ake nufi da a ce mutum ya sa lifidi da kwalkwali a irin wannan rana ya hau doki. Celsius ya taimaka mini na ƙara ganin girman mutanen 1906, shi da bai taɓa jin sunan garinmu ba.

Sai haihuwa. A ranar 25 ga Afrilun 1874 aka haifi Guglielmo Marconi a birnin Bologna na Italiya. Kai, wannan bawan Allah Bahaushe ya ci amfaninsa! Shi ne ya aika da saƙo ta iska ya ƙetare tekun Atilantika a 1901, daga Cornwall ta Ingila zuwa Newfoundland, ya kuma sami kyautar Nobel a 1909 tare da Ferdinand Braun. Lura da shekarun nan. Lokacin da ake marin ɗan aike a ƙofar Haɗeja, an riga an shekara huɗu da 'yan watanni da tura saƙo tsallaken teku ba waya ba manzo. Yau kuwa je ka teburin mai shayi da asuba ka ga yadda rediyo take rataye a jikin ƙusa, an ɗaure murfin batir da roba, eriya ta karye an ƙara mata waya, amma ana kashe murya in an fara labaran duniya. Masunci a cikin kwalekwale yana da tasa, mai tsaron gonar shinkafa yana korar jan-baki da tasa a kafaɗa, Bafulatani a bayan shanu haka. Da wannan akwati ne ma akasarinmu muka fara jin filin "rana irin ta yau" ɗin. Ranar da ta haifi mai rediyo ta cancanci a yi mata guɗa a rediyo.

Wani sashen da ya shafe mu kai tsaye shi ne na zazzaɓin cizon sauro. A ranar 25 ga Afrilun 2000 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin rage mace-macen da wannan cuta take jawowa. Daga wannan taro aka samo ranar yaƙi da maleriya ta Afirka, daga baya a 2007 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya mayar da ita ta duniya baki ɗaya, aka fara bikinta a 2008. Wato a ƙasarmu aka ɗaura wa ranar wannan ɗamara. Kuma wa ya kai mutumin fadama sanin sauro? Albarkar da ke kawo mana kifi da shinkafa da tattasai, ita ce take kwantar da ruwa a bayan gida. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta wajen Guri da Kirikasamma, ruwa yana kwanciya inda da yake wucewa. In damina ta yi ƙarfi kuma ambaliya ta ci Auyo da Kafin Hausa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, abin da ke biyo bayan ruwan shi ne zazzaɓi. Ranar kuwa ta zo a kan gaɓa, ana saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka, daidai lokacin da ya kamata uwa ta fito da gidan sauro ta duba inda ya yage ta ɗinke. Ina jinjina wa duk wanda ya zaɓi wannan lokaci.

Akwai wasu da zan ratsa da sauri don kada na cika ku da surutu, ko da yake kowannensu ya isa a yi masa shiri guda. A 1859 aka sara gatarin farko na haƙa mashigin Suez a Port Said, aikin da ya ɗauki shekara goma. A 1915 sojojin ƙawance suka sauka a Gallipoli suka gamu da turjiyar Turkawa, abin da Ostireliya da New Zealand suke tunawa da shi duk shekara. A 1953 mujallar Nature ta buga takardar Watson da Crick a kan siffar ƙwayar halitta ta DNA. A 1982 Isra'ila ta kammala janyewa daga Sinai, Masar tana hutu saboda haka har gobe. Su kuma yaran gidan kallo masu rantsuwa da Barcelona, ku sani ranar taku ce: a 1947 aka haifi Johan Cruyff a Amsterdam, mutumin da ya buga wa Ajax da Barcelona, ya dawo ya horar da su, ya dasa salon taɓa-ka-ba-ni da kuke alfahari da shi. Ni ba mai kallon ƙwallo ba ne sosai, amma na ji daɗin ganinsa a jerin.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba da ranar nake ba, da masu tsara jerin nake. Sau da yawa za ka ji an karanto Gallipoli an karanto Suez, an ambaci mawaƙan Amurka da 'yan fim, amma ba a ce uffan a kan Haɗeja ba, har a bakin masu gabatarwa da Hausa. Dalili a fili yake: jerin da aka tsara a wata ƙasa suke ɗaukowa su fassara. Ya kamata ɗan makarantar firamare a Kaugama ya san wannan kwanan wata kamar yadda ya san 1 ga Oktoban 1960, ya kuma san 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Malamai da masu rediyo, don Allah ku fara da Mai Shahada, sauran su biyo baya.

Na ajiye biyu a ƙarshe saboda yadda suke haɗuwa da labarin 1906 har mamaki yake ba ni. A ranar 25 ga Afrilun 1945 wakilan ƙasashe suka buɗe taro a San Francisco, taron da ƙasashe 50 suka halarta suka rubuta kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ambaci 'yancin al'ummomi na zaɓar makomarsu. Shekara 39 ke nan daidai da ranar da aka kashe Sarki a kan ya ce garinsa nasa ne. Nijeriya ta shiga majalisar a watan Oktoban 1960, ita ce ta 99.

Sannan 25 ga Afrilun 1974, shekara 68 cif. Ƙananan hafsoshin sojan Fotugal, waɗanda suka gaji da yaƙin da ake tura su yi a dazukan Afirka, suka kifar da gwamnatin Marcelo Caetano a Lisbon. Da rediyo ma suka ba juna alamar tashi, waƙa aka sa cikin dare suka fito da motocin yaƙi, Marconi ya sake shigowa ke nan. Mutanen gari suka riƙa soka musu furanni a bakin bindiga. Daular mulkin mallaka mafi daɗewa a Afirka ta ruguje daga cikin gidanta, saboda mayaƙan Gini Bisau da Mozambik da Angola sun ƙi ajiye makami. Kafin shekarar ta fita Fotugal ta amince da 'yancin Gini Bisau, Mozambik ta samu nata a watan Yunin 1975, Angola a watan Nuwamba. Da rikici ya ɓarke a kan wa zai riƙe Luwanda, babban birnin Angola, Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, garin da rundunar Lowry Cole ta taso daga cikinsa, shi ne ya tsaya kai da fata a bayan ƙungiyar MPLA, ya je Addis Ababa a watan Janairun 1976 ya faɗa wa manyan ƙasashen duniya cewa Afirka ta daina karɓar umarni daga kowa.