Yadda Tecno ta karanci mai saye

A farkon zuwan wayar salula Najeriya, kiran layin wani kamfani daga naka tsada gare shi, ga sabis yau akwai gobe babu. Mai hali sai ya riƙe waya biyu. Marar hali kuwa ya riƙa cire sim yana sa wani, ya naɗe ɗayan a 'yar takarda ya cusa a aljihu. Kowa yana ganin wannan wahala, amma Zhu Zhaojiang, ɗan ƙasar Sin da ya kafa kamfanin Transsion a 2006, shi ya ɗauke ta da muhimmanci. Daga 2008 ya mai da hankalinsa kan Afirka, ya kawo Tecno mai layi biyu a farashin da talaka zai iya.

Abin da ke burge ni shi ne yadda mutanensa suka iya kallo. Mai saye ba kasafai yake faɗin abin da ke damunsa ba, domin ya riga ya saba da shi. Sai ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake fama. Sun ga ana kai waya shagon masu caji saboda rashin wuta, sai suka sa batir mai jimawa, ƙaramar waya ta yi kwanaki ba ta mutu ba, ga tocila a kanta. Sun sa Hausa da Suwahili da Amharik a ciki.

Batun kyamara ya fi taɓa ni. An daɗe ana ƙera kyamarori da farar fata a rai, shi ya sa hoton baƙin mutum da dare kan fito fuska a dushe, sai haƙora da idanu. Injiniyoyin kamfanin suka tattara hotunan 'yan Afirka masu ɗimbin yawa, suka daidaita hasken har kamannin mutum suka fito. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton amarya a wajen dina ya san darajar wannan aiki.

A 2011 suka buɗe masana'anta a Habasha, zuwa 2017 kuma sun wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Yau in ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, Tecno da 'yan'uwanta Itel da Infinix ne suka cika shaguna.