Matsalar Suna da Hoto a Littattafan Tsuntsaye na Yara: Misali daga G.R.A. ta Gombe

1.0 Gabatarwa

A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. A birnin Gombe, inda Fulani da Tera da Tangale da Bolawa da Waja suke cuɗanya, Hausa ce ta ɗauki wannan matsayi. Wannan takarda za ta dubi littattafan hotuna masu koyar da yara tsuntsaye, irin waɗanda ake samu a makarantun kuɗi da gidajen ma'aikata a unguwar G.R.A. Akasarinsu na Turanci ne, ƙalilan kuma fassara ce. A kan fassararrun za a fi mayar da hankali.

2.0 Suna

Babban aibin waɗannan littattafai shi ne ƙarancin sunaye. Inda marubucin asali ya ambaci tsuntsu da sunansa, mai fassara yakan tsaya a kan kalmar tsuntsu kawai, in ya matsa ya ƙara da ƙarami ko ja. Ba za a ɗora laifin a kan harshe ba, domin ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) cike suke da sunayen tsuntsayen ƙasar Hausa. Yaron da ya leƙa ta taga a G.R.A. zai ga kurciya da hasbiya, ga hankaka a kan darbejiya, ga shirwa tana shawagi, ga belbela a bayan shanun da ke wucewa. In an fita da shi madatsar ruwa ta Daɗin Kowa a kan kogin Gongola zai ga zalɓe. Da wuya ya tarar da ɗayansu a littafinsa, amma zai tarar da tsuntsun ƙanƙara da ba ya rayuwa a Afirka ta Yamma.

Akwai wahala ta gaskiya a nan, wato bambancin karin harshe, kamar yadda wasu ke cewa fakara wasu makwarwa. To amma littafin hoto ya fi kowane littafi sauƙin magance wannan, tun da ana iya jera sunaye biyu a ƙarƙashin hoto guda.

3.0 Hoto da Lokutan Shekara

Da yake ba a sake zana hotunan ba, sai rubutu da hoto su riƙa musanta juna. An saba fassara lokacin tohon furanni na Turai da bazara, alhali bazara a Gombe ita ce tsananin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa ke jiran ruwa. Yaro ya karanta bazara, ya ga ciyawa shar da mutane cikin rigunan sanyi, sai kalmar ta rabu da ma'anar da ya sani a gida.

Abin takaici, bazarar gaske tana da tsuntsunta. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan ta koma gabashi da kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Manomi ya daɗe yana karanta zuwanta a matsayin albishir. Darasin ƙaurar tsuntsaye ke nan cikakke, ba tare da an aro tsuntsun wata nahiya ba.

Misalin hankaka ya fi wannan armashi. Hausawa sun yi masa shaidar mayar da ɗan wani nasa. Masana tsuntsaye kuwa sun tabbatar da cewa wani tsuntsu mai doguwar jela, daga dangin da Turawa ke kira kuku, yakan saka ƙwansa a sheƙar hankaka, hankaka ya ƙyanƙyashe ya yi renon ɗan. Ashe abin da magabata suka gani gaskiya ne, fassarar da aka yi masa ce ta juya, domin wanda ake zargi da sata shi aka yi wa wayo. Shafi biyu masu hoto sun isa su nuna wa yaro wannan.

4.0 Abin da Aka Gada

Ba sabuwar hanya ake nema ba. R. M. East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah a Zariya don bayyana halittu cikin Hausa tsantsa, Imam kuma ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni (1971) domin 'yan makaranta. Abin da ya rage shi ne mai zane da zai zauna a ƙarƙashin bishiya ya zana abin da ya sauka a kanta, tare da masanin harshe da zai tambayi maharba da manoma sunansa.

Lokaci ma ba ya jira. Gauraka, mai tukku kamar kambin sarauta, ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya. Ungulu kuwa, wadda a da ba a raba ta da mahauta da kasuwanni, tun 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Yara da dama a G.R.A. sun san sunanta a zagi da karin magana, ba su taɓa ganin ta a kan rufin kwata ba.