Tsohon Salo a Sabon Zamani: Nazari a kan Wasan Kwamfuta na Thimbleweed Park

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta yi nazari a kansa wasan kwamfuta ne. Na san akwai daga cikinmu wanda zai ce me ya haɗa taron masana adabi da abin wasan yara. Amsar ita ce, wasan da za mu duba yana da jigo, yana da taurari, yana da zubi da tsari, yana kuma da salo, watau duk ma'aunan da muka saba auna ƙagaggen labari da su za su iya hawa kansa. Bugu da ƙari, ɗalibanmu na yau da yawa sun fi samun labari ta fuskar waya da kwamfuta fiye da ta takarda, don haka ya wajaba a kanmu mu san irin labarin da ake ba su.

Sunan wasan Thimbleweed Park, kuma ya fito a shekarar 2017. Za mu fara da asalinsa, mu taƙaita labarinsa, sa'an nan mu kawo inda ya yi armashi da inda ya gaza.

2.0 Asalin Wasan

Irin wannan wasa shi ne za mu kira wasan nuna-ka-danna. Mai wasa yana nuna abu da kibiyar da ke kan fuskar kwamfuta, ya danna, tauraron labari ya aikata abin da aka umarce shi. Babu gudu ko harbi a cikinsa, aikin duka na tunani ne. Ron Gilbert da Gary Winnick, mutanen Amurka, suna cikin waɗanda suka kafa wannan salo da wasansu Maniac Mansion, wanda kamfanin Lucasfilm Games ya fitar a 1987 a kan kwamfutar Commodore 64. Gilbert ya biyo da The Secret of Monkey Island a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kasuwar irin waɗannan wasanni ta ja baya.

A ƙarshen 2014 mutanen biyu suka nemi gudummawar jama'a ta dandalin Kickstarter domin su yi sabon wasa a kan tsohon salo. Sun nemi dala 375,000, suka sami sama da dala 626,000 daga mutum fiye da 15,000. Wannan batu yana da muhimmanci ga nazarinmu, domin waɗanda suka ba da kuɗin galibinsu tsofaffin masoya salon ne, kuma za mu ga yadda son faranta musu ya shafi labarin.

3.0 Taƙaitaccen Labari

Labarin ya faru ne a 1987, a wani ƙagaggen gari na Amurka wanda ya mutu tun da masana'antar matashin kai da ke riƙe da shi ta ƙone, har mazaunansa suka koma mutum 80. An tsinci gawar wani baƙo a rafi ƙarƙashin gada, sai jami'an bincike biyu, Ray da Reyes, suka iso, kowanensu da boyayyar manufa a ransa. Ban da su akwai taurari uku da mai wasa ke sarrafawa: Delores, wadda baffanta Chuck, mai masana'antar, ya hana ta gado saboda ta zaɓi sana'ar ƙera wasannin kwamfuta, Franklin, mahaifinta, wanda aka kashe ya zama fatalwa a otal, da Ransome, ɗan kama mai ashar, wanda wata tsohuwa ta tsine masa, kwalliyar fuskarsa ta ƙi goguwa. An kasa wasan kashi tara.

4.0 Inda Wasan Ya Yi Armashi

Abu na farko shi ne adalci ga mai wasa. A wasannin shekarun 1980, musamman na kamfanin Sierra, tauraro kan mutu saboda ƙaramin kuskure, ko kuwa mutum ya yi nisa sa'an nan ya gane ya baro wani abu a baya wanda ba hanyar komawa ɗaukarsa. Tun 1989 Gilbert ya rubuta maƙala yana sukar wannan ɗabi'a, kuma ya yi aiki da ra'ayinsa a nan. Mai wasa yana iya gwada duk abin da ya zo masa a rai ba tare da tsoron ɓata wasan ba. An kuma tanadi mataki mai sauƙi da mai wuya, kowane tauraro yana da jerin ayyukan da ke gabansa.

Abu na biyu shi ne tsarin matsalolin. A ƙasan allo akwai aikatau guda tara: buɗe, rufe, ba, ɗauka, duba, yi magana, tura, ja, yi amfani. Mai wasa yana haɗa aikatau da suna ya gina jimla, kamar yadda ɗalibin nahawu ke yi. Alal misali, kafin a kama wanda ake zargi sai an ciyar da na'urori uku da shaida: ɗaya tana gwada hoton fuskar mamaci da takardar shaidarsa, ɗaya tana gwada zanen yatsa, ɗaya tana gwada jini. Kowace shaida tana buƙatar matakai da dama, kowane mataki yana da dalilinsa. Daɗin da ake ji a nan irin na kacici-kacici ne: amsa tana gaban mutum tun farko, idan ya gano ta sai ya yi mamakin yadda ta ɓace masa.

Abu na uku shi ne zane. An yi hotunan da manyan ɗigo-ɗigo irin na da, amma haske da inuwa da yawan launi, waɗanda Mark Ferrari ya yi aiki a kansu, sun fi ƙarfin kwamfutar 1987 nesa ba kusa ba. Watau abin da aka zana shi ne yadda mutane ke tuna wasannin ƙuruciyarsu, wanda kullum ya fi ainihinsu kyau. Wannan dabara ce mai kyau, kuma garin da almuru ta rufe shi ya dace da jigon mutuwar gari bayan mutuwar masana'anta.

5.0 Inda Wasan Ya Gaza

A nan ya kamata in bayyana matsayina. Ba a haife ni ba a 1987, kuma na girma a gidan da ba a san kwamfuta ba, don haka na shiga wasan ba tare da begen wani zamani da ya shuɗe ba. Ina ganin wannan ya ba ni damar ganin abin da tsofaffin masoya za su yafe.

Gazawa ta farko ita ce yawan barkwancin cikin gida. Taurari sukan dakatar da labari su yi shaguɓe a kan tsofaffin wasanni da kamfanonin da suka yi su. Wanda bai san tarihin ba sai ya zama kamar baƙo a zauren da 'yan gida ke dariyar abin da ya faru kafin zuwansa. Littafin lambobin tarho na garin cike yake da sunayen masu gudummawa, ɗakin karatu kuma cike da rubuce-rubucen masoya. Su kansu masu wasan sun ga matsalar, domin daga baya sun sanya maɓallin kashe irin wannan barkwanci.

Gazawa ta biyu ta shafi taurari. Mutum biyar ne masu manufofi dabam-dabam, wasu ma ba su yarda da juna ba, amma sai ka ga Ransome, wanda ba ya ƙaunar kowa, yana miƙa wa Delores kaya ba tare da labari ya faɗi dalili ba. Abin da ɗaya ya sani kamar duka sun sani, saboda mai wasa ɗaya ne ke juya su. A ma'aunin adabi wannan rauni ne, domin buƙatar wasa ta danne halin tauraro. An ƙara musu damar yin magana da juna bayan fitowar wasan, amma gyaran bai kai ga tushen matsalar ba.

Gazawa ta uku, wadda ta fi girma, ita ce saɓa alkawari. Labarin bincike alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: ga gawa, ga alamu, a ƙarshe za a nuna mai laifi, alamun kuma su tabbatar da shi. A nan tun kashi na uku aka kama Willie, wani mashayi, alhali kowa na iya ganin ba shi ne ba. Daga nan gawar ta koma gefe. A ƙarshe sai aka bayyana wa taurari cewa duniyarsu wasan kwamfuta ce, aikin Delores kuma shi ne ta kashe na'urar. Har ma alamar warware ɗaya daga matsalolin ƙarshe tana cikin hoton bidiyon neman gudummawa na 2014, watau a wajen wasan ɗungurungum.

Wani zai ce ai tatsuniyarmu ma da ƙurunƙus take rufewa, mai ba da ita ya amsa cewa ƙarya ya shirya. Haka ne, amma gwaggo ba ta yin ƙurunƙus sai Gizo ya gamu da sakamakon aikinsa. Idan ta yi shi a tsakiyar rikici, yara za su ce ta cuce su. Dole kuma a yi adalci: sallamar da aka ba kowane tauraro tana da taushi, musamman ta Franklin da 'yarsa, da ta Reyes wanda ya wanke sunan mahaifinsa daga zargin gobarar masana'anta. Sai dai mai wasa ya shafe sa'o'i yana tara shaida, aka ce masa shaidar ba ta da amfani.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa Thimbleweed Park ya yi nasara a matsayin kacici-kacici, ya kuma yi nasara wajen zane da kyautata wa mai wasa, amma ya gaza a matsayin labarin bincike, saboda ya fifita tunawa da 1987 a kan gawar da ya buɗe labari da ita. Darasin ya shafe mu, domin mu ma muna da masu ɗauko tatsuniyoyi da labarun da suna zuba su a fim da littafi, gobe kuma wataƙila a wasan kwamfuta. Tsohon salo yana da amfani matuƙar wanda bai ga zamaninsa ba zai iya shiga ya ji daɗi. Shawarata ga 'yan'uwa malaman kwalejojin ilimi ita ce mu gwada kai irin wannan wasa aji, mu sa ɗalibai su fitar da jigonsa da zubinsa, su kuma rubuta masa ƙarshen da zai bayyana wanda ya yi kisan, bisa alamun da labarin ya bayar.