Littattafan da Ke Bin Sawun Kuɗin Ƙwallo

Da zarar kasuwar 'yan wasa ta buɗe, musu ya tashi a gidajen kallon ƙwallo: an yi wa wane kulob tsada, wane ya ci riba. Masu musun kan tsaya ne a kan farashin da suka ji a rediyo. A Turai da Amurka kuwa akwai wani reshe na rubutu da aikinsa ke nan, bin diddigin inda kuɗin wasanni ke fitowa da inda suke shigewa. Abin lura shi ne, mafi ƙarfin waɗannan littattafai ba 'yan wasa ko masu horarwa suka rubuta su ba. Aikin 'yan jaridar kuɗi ne da masana tattalin arziki da akantoci.

Wanda ya fi fito da wannan reshe fili shi ne Moneyball na Michael Lewis, wanda ya fito a 2003. Lewis tsohon ma'aikacin bankin Salomon Brothers ne, don haka da idon ɗan kasuwa ya kalli ƙungiyar besbol ta Oakland Athletics. A kakar 2002 albashin 'yan wasanta bai wuce dala miliyan 40 da 'yan kai ba, na New York Yankees kuwa ya haura miliyan 120, amma kowacce ta ci wasa 103. Manajan Oakland, Billy Beane, ya daina dogara da idon tsofaffin masu farautar 'yan wasa, ya koma ga alƙaluma, yana tsinto waɗanda kasuwa ta raina. Littafin yana da daɗin karatu, sai dai ya so gwaninsa da yawa. Bai ba Hudson da Mulder da Zito, manyan masu jifan ƙungiyar, haƙƙinsu ba, kuma Oakland ɗin a zagayen farko na wasannin ƙarshe Minnesota ta yi waje da ita.

Mai son ƙwallon ƙafa zai fi jin daɗin Soccernomics, na ɗan jarida Simon Kuper da masanin tattalin arziki Stefan Szymanski, wanda ya fito a 2009. Babbar hujjarsu ba ta yi wa masu bautar koci daɗi ba: idan aka duba shekaru masu yawa a Ingila, jimillar albashin da kulob ke biya ita ce ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na matsayinsa a teburi. Kuɗin sayen 'yan wasa kuwa sau da yawa ɓarna ce, musamman sayen wanda ya haska a gasar cin kofin duniya jiya-jiya. Sun kafa misali da Lyon ta Jean-Michel Aulas, wadda ta riƙa saye da araha tana sayarwa da tsada, ta kuma lashe gasar lig ta Faransa sau bakwai a jere daga 2002 zuwa 2008. Inda suka yi tuntuɓe shi ne hasashe, domin har Iraƙi sun sa cikin ƙasashen da za su mamaye ƙwallo nan gaba.

The Price of Football na Kieran Maguire, 2020, ba shi da armashin labari, amma shi ke buɗe ido. Akanta ne, kuma ya nuna yadda ake rubuta sayen ɗan wasa a littafin kuɗi. A ce an saye shi fam miliyan 80 da kwantiragin shekara takwas: miliyan 10 kacal za a rubuta duk shekara. Idan kuma kulob ya sayar da yaron da ya rena tun yana ƙarami, kuɗin gaba ɗaya riba ce nan take. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin dogayen kwantiragin da Chelsea ta ba su Enzo Fernández a 2023 ba, ko dalilin da ya sa UEFA ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023 ɗin.

Sai masu tonon silili. Marigayi Andrew Jennings ya fara da kwamitin Olamfik a The Lords of the Rings a 1992, ya koma kan FIFA da Foul! a 2006, bayan hukumar ta riga ta hana shi shiga tarukanta na manema labarai. An daɗe ana yi masa kallon mai neman fitina, sai ga 'yan sandan Suwizalan a otal ɗin Baur au Lac na Zurich da asubahin 27 ga Mayu, 2015, suna fitar da jami'an ƙwallo bakwai bisa buƙatar Amurka.

Tarihin da attajiran harkar ke bayarwa da bakinsu ya fi rauni. Shoe Dog na Phil Knight, mai Nike, yana jan mai karatu, amma labarinsa ya tsaya a 1980, kafin ƙorafi kan halin ma'aikata a masana'antun Asiya ya taso.

Duk waɗannan marubuta da takarda suke aiki. Doka ta tilasta wa kulob-kulob na Ingila miƙa lissafinsu duk shekara inda kowa zai iya gani, shari'ar FIFA kuma ta bar tulin takardun kotu. Rashin irin waɗannan takardu shi ya sa Afirka ke fitowa a wannan reshe a matsayin rumbun 'yan wasa kawai, kamar a The Away Game na Sebastian Abbot, 2018, wanda ya bi yaran da shirin makarantar Aspire ta Ƙatar ya tace tun daga 2007, wasunsu suka ƙare a kulob ɗin Eupen na Beljiyam. A Nijeriya yawancin manyan ƙungiyoyi, irin su Kano Pillars da Enyimba, na gwamnatocin jihohi ne, kuma wanda zai rubuta labarin kuɗinsu sai ya fara da kasafin kuɗin jiha.