Sharhi Kan Tsarin SMART: Wa Zai Yi Aikin?

A farkon shekara, sau da yawa akan koya wa fastoci da shugabannin matasa yadda za su rubuta burinsu bisa ga tsarin da ake kira SMART. Tsarin yana da sauƙin tunawa, shi ya sa ya bazu har cikin ikkilisiya. Amma kafin mai hidima ya ɗora rayuwarsa a kan wani ma'auni, ya kamata ya san inda ma'aunin ya fito, da abin da aka yi shi domin ya auna.

Asalin tsarin daga Amurka ne. George T. Doran, wanda ya taɓa zama daraktan tsare-tsare a wani kamfanin wutar lantarki a jihar Washington, shi ne ya bayyana shi a mujallar Management Review a watan Nuwamba 1981. Domin manajojin kamfanoni ya rubuta shi. Kowane harafi na sunan yana tsaye ne a madadin sharaɗi ɗaya: buri ya zama takamaimai, ya zama wanda za a iya aunawa, a san wanda zai yi aikin, ya zama mai yiwuwa da abin da ke hannu, a kuma yanka masa lokaci.

Bari mu fara da amfaninsa, gama yana da shi. Fasto zai iya cewa, "A bana zan ƙara himma cikin nazarin Maganar Allah," shekara ta ƙare ba wanda zai iya cewa ya yi ko bai yi ba, har shi kansa. Amma in ya ce zai karanta littafin Romawa da asuba, sura ɗaya kowane mako, zai gama cikin mako 16, kuma a mako na biyar zai san ko ya tsaya a hanya. Haka yake da ziyarar marasa lafiya, da shirin wa'azi kafin daren Asabar, da tanadin kuɗin makarantar yara tun daga kaka. Littafi Mai Tsarki bai hana shiri ba. A Luka 14:28-30 Yesu ya yi misali da mai ginin da bai yi lissafi ba, ya zama abin dariya. Nehemiya ya faɗa wa sarki lokacin da zai dawo, ya nemi wasiƙu da katako, aka gama garun Urushalima cikin kwana 52. Ragwanci ba bangaskiya ba ne, ko da an lulluɓe shi da addu'a.

Matsalar tana ga sharaɗi na uku. Doran ya ce a san wanda zai yi aikin. Amma a yadda aka fi koyar da tsarin yau, an sauya wannan da cewa buri ya zama wanda za a iya cim masa. Da haka tambayar da ta fi muhimmanci ga mai hidima ta ɓace. A kamfani amsar tana da sauƙi, ma'aikaci kaza ne zai yi. A aikin bishara kuwa akwai abin da aka danƙa mana, akwai kuma abin da Allah ya riƙe a hannunsa. Bulus ya raba su a 1 Korintiyawa 3:6-7: shuka da ban ruwa aikin bayi ne, girma na Allah ne.

A ce wani mai bishara ya rubuta cewa zai yi wa mutum 40 baftisma kafin Kirsimeti. Burin takamaimai ne, ana iya ƙirga shi, yana da wa'adi. Amma wa zai yi aikin? Tuba ba a hannunsa take ba. In watan Nuwamba ya zo yana da mutum 12, ɗaya cikin biyu zai same shi. Ko ya karai, ya ɗauka Ubangiji ya yashe shi, ko kuwa ya gajarta ajin baftisma domin adadi ya cika kafin a kai rahoto gunduma. Na biyun ya fi muni, gama ikkilisiya ce za ta girbe shi shekaru masu zuwa. Kowane manomi ya san wannan bambanci. Yana iya sa ranar sharar gona da ta kai taki, amma ba ya sa wa ruwan sama rana.

In da wannan ma'auni za a auna bayin Allah, da yawa za su fāɗi. Irmiya ya yi shekara 23 yana wa'azi mutanensa ba su saurara ba, kamar yadda sura 25 ta nuna. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a watan Disamba 1893 da niyyar kai bishara cikin ƙasar da ake kira Sudan a lokacin. A 1894 Gowans da Kent suka rasu, daga baya Bingham ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954. Rahoton shekara ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba. Shi kansa Doran ya yi gargaɗi cewa ba kowane buri ne za a mai da shi lamba ba, amma masu koyar da tsarin sukan tsallake wannan.

Sharaɗin lokaci ma yana bukatar gyara. Lokacin makiyayi ba nasa ba ne shi kaɗai. Rasuwa ba ta duba jadawali, haka ma rikicin aure ko tashin hankali a gari. Bulus ya tsara tafiyarsa a Romawa 15: Urushalima, sai Roma, sai Asbaniya. Ya isa Roma, amma a matsayin ɗan sarƙa. Yakubu 4:13-15 bai tsauta wa 'yan kasuwa domin sun yi shiri ba, sai domin sun yi shi kamar gobe tasu ce.

Akwai wani misali da ya fi dacewa da mu. Tsakanin 1722 da 1723, Jonathan Edwards, yana saurayi mai shekara kusan 19, ya rubuta ƙudurori 70, ya kuma ɗaura niyyar karanta su sau ɗaya kowane mako. Ya buɗe su da amincewa cewa ba zai iya kome ba sai da taimakon Allah. Sun shafi yadda zai yi da lokacinsa, da cinsa da shansa, da harshensa, da nazarin Nassi. Ba adadin masu tuba ya ƙudura ba, halinsa ya sa a gaba. Duk da haka, daga baya ya rubuta cewa a waɗannan shekaru ya dogara ga ƙarfin kansa fiye da kima. Ashe ko buri mai kyau yana iya zama tarko.

Hukuncinmu shi ne, tsarin SMART bara ne mai amfani, amma bai isa ya zama maigida ba. Mu mayar masa da tambayarsa ta asali. Mu raba takardarmu gida biyu. A gefe ɗaya mu rubuta abin da aka danƙa mana, mu sa masa adadi da rana, mu ba wani dattijo amintacce izini ya riƙa tambayarmu. A ɗaya gefen mu rubuta abin da Allah kaɗai yake yi, wannan jerin addu'a ne. Shugabannin gunduma su ma su duba irin tambayoyin da suke yi wa fastoci, gama abin da ake tambaya a rahoto shi ake bi a ƙauye. Bisa ga 1 Korintiyawa 4:2, aminci ne ake nema a wurin wakili.

Domin tattaunawa: Ku ɗauki buri uku da kuka sa wa kanku a bana. A kan kowanne ku amsa, wa zai yi aikin?