Yatsa Nesa da Kunama

Masu koyar da harbin ƙaramar bindiga a Amurka suna gane wanda ya sha horo tun kafin ya yi harbi ko ɗaya. Sai su miƙa masa bindiga, su zuba wa ɗan yatsansa na nuni ido. Sabon shiga da ya karɓa, yatsan zai zarce kan kunama, domin daidai da shi aka ƙera wurin. Wanda ya goge kuwa, yatsansa a miƙe yake sambal a jikin ƙarfen, sama da kunamar, bakin bindigar na kallon inda babu mutum. Abu na farko da zai yi shi ne ya buɗe ta ya duba da idonsa ko akwai harsashi a ciki, ko da yanzun nan aka duba a gabansa. Ba ya tsayawa tunani kafin ya yi haka, abin ya riga ya zama jiki.

Mutanen da nake magana a kansu farar hula ne: direban babbar mota, ma'aikaciyar jinya mai tashi aiki da tsakar dare, dattijo mai shago a bakin hanya. Dokar ƙasarsu ta ba su damar yawo da fistol a ɓoye ƙarƙashin riga domin kare kai. Jihar Filorida ce ta buɗe wannan ƙofa sosai a 1987, da ta wajabta wa hukuma ba da lasisi ga duk wanda ya cika sharuɗɗa. Jihohi suka yi ta bin sahunta, Illinois ta zama jiha ta ƙarshe da ta halatta yawo da bindiga a ɓoye a 2013, sannan a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗaukar bindiga a wajen gida haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. Yau fiye da rabin jihohin ƙasar 50 ba sa ma neman lasisi. A Najeriya lamarin daban ne, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa. Amma mun ji yadda aka yi ta muhawara a wancan watan na Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga saboda 'yan fashin daji. A irin wannan muhawara kowa kan tsaya ne a kan a ba da ko kada a ba da. Ba kasafai ake tambayar me mutum ya kamata ya iya ba kafin ya cancanci rataya makami a cikin jama'a. Wasu Amurkawa sun shafe shekaru fiye da 60 suna tace amsar wannan tambaya, kuma abin da suka fitar ya burge ni ƙwarai, duk da ba na sha'awar yawan bindigar da ke ƙasarsu.

Tushen abin yana wani gari na kan tsaunuka a Kalifoniya mai suna Big Bear Lake. A shekarun 1950 wani tsohon hafsan sojan ruwa na kundumbala, Jeff Cooper, ya riƙa shirya gasar zare bindiga da sauri a can. Kowa da hannu ɗaya yake harbi daga ƙugu, yadda ake gani a finafinan kaboyi, ga sauri amma ba a cika samun abin da aka nufa ba. Sai wani ɗan sanda na yankin Los Angeles, Jack Weaver, ya zo da nasa salo: ya kama bindigar da hannu biyu, ya ɗago ta daidai ido, ya yi saiti. Ya ɗan fi su jinkiri da ƙiftawar ido, amma harsashinsa yana sauka inda ya aika shi, kuma a 1959 ya lashe gasar. Abin yabo ga Cooper shi ne bai yi gardama da abin da idonsa ya gani ba. Ya ɗauki salon Weaver, ya haɗa da na sauran gwanaye, ya tsara su, a 1976 ya buɗe makaranta a Paulden ta jihar Arizona, wadda ake kira Gunsite a yau. Ya rasu a 2006, amma da wuya ka shiga ajin koyon harbi a ƙasar ba ka ji ƙa'idojinsa huɗu ba tun ranar farko.

Ga su a taƙaice. Ka ɗauka kowace bindiga da harsashi a cikinta. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya halakawa ba. Yatsa ba ya hawa kunama sai ka yi saiti kuma ka yanke shawarar harbi. Ka tabbatar da abin da za ka harba, da abin da ke bayansa. Yaro ma zai haddace su a zama ɗaya. Hikimar tana cikin yadda kowace ke rufa wa 'yar'uwarta baya. Wanda ya manta akwai harsashi, in dai yatsansa na waje, bindiga ba za ta tashi ba. Wanda yatsansa ya zame saboda firgita, in dai bakin na kallon ƙasa, ƙasa ce za ta sha. Kafin a yi asarar rai sai an karya aƙalla biyu a lokaci guda. An gina tsarin ne bisa sanin cewa ɗan Adam ajizi ne, wata rana zai gaji, zai yi mantuwa, zai tsorata, don haka ba a jingina ran kowa da kulawa guda ɗaya ba.

Ta huɗun ce ta fi nauyi ga mai yawo cikin gari, domin harsashi ba ya tsayawa don an yi kuskure. A watan Agustan 2012, a gaban dogon ginin Empire State da ke New York, 'yan sanda biyu sun harba harsasai 16 a kan wani mutum da ya kashe tsohon abokin aikinsa ya kuma nuna musu bindiga. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara sun jikkata daga harsasan 'yan sandan da ɓarɓashinsu. Waɗannan ma'aikata ne masu horo. Cibiyar bincike ta RAND ta duba alƙaluman 'yan sandan birnin daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Dalili kuwa jiki ne. Tsoro na gaske idan ya zo, zuciya ta hau bugu, hannu ya kama rawa, ido ya ƙanƙance a kan abu guda har mutum bai ganin gefensa, wasu ma ba sa jin ƙarar harbin da suka yi. Shi ya sa malaman kirki suke cusa wa ɗalibi cewa duk harsashin da ya bar bakin bindigarsa shi zai amsa tambaya a kansa, a gaban alƙali da gaban Allah.

Saboda haka mafi yawan horon ba na harbi ba ne, na gani ne. Cooper ya kasa hankalin mutum kashi huɗu, ya ba kowanne launi. Fari shi ne gafala, mutum na tafiya kansa a sunkuye cikin waya, bai san wa ke gabansa ba balle bayansa. Rawaya shi ne natsuwa da lura: babu fargaba, amma ka san inda ƙofofin fita suke, ka ga mutumin da ya daɗe a tsaye kusa da motarka. Ruwan goro shi ne lokacin da wani takamaiman abu ya ja hankalinka, ka fara shirya abin da za ka yi in ya matso. Ja kuwa an kai maƙura. Mai ɗauke da makami ba shi da izinin zama a fari muddin ya fita daga gida. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma amfanin wannan lura shi ne ka tsallaka titi, ka sake hanya, ka koma cikin shago, tun fitina tana nesa. Wani tsohon malami a fagen, John Farnam, ya yi suna da gargaɗin cewa a guji wuraren banza, a guji mutanen banza, a guji ayyukan banza. Wanda ya riƙe wannan zai iya tsufa bindigarsa ba ta taɓa fita daga kube ba sai a filin atisaye, kuma a wurin masana wannan shi ne gwani.

Agogo ma yana da nasa darasi. A 1983 wani sajan na 'yan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya auna abu biyu. Ya ga ɗan sanda mai horo yana buƙatar kimanin sakan ɗaya da rabi kafin ya zare bindiga ya yi harbi mai kyau. Ya kuma ga lafiyayyen mutum riƙe da wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da ɗoriya, a cikin wannan sakan ɗaya da rabin. Wasu sun karkatar da binciken suka mai da shi lasisin harbin duk wanda ya matso, alhali ba haka yake nufi ba. Abin da ya nuna shi ne bindiga a ƙugu ba laya ba ce. In ka bari aka matso, ka makara, don haka ja da baya, kauce gefe, sa mota ko tebur tsakaninka da mutum, ɗaga murya. Na'urar auna lokaci kuwa abokiyar duk mai atisaye da gaske ce, domin ita ba ta san fahariya ba.

Atisayen kansa aiki ne na haƙuri, kuma yawancinsa a gida ake yi da bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta, an kai harsasan wani ɗaki daban. Akwai masu ɗora kwabo a kan hancin bindigar, su matsa kunama a hankali har ta faɗa, kwabon bai motsa ba. Kamar wanzami ne da askarsa, sai hannu ya daina gardama kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. Kube ma ba a wasa da shi: dole ya zama mai tauri, ya rufe kunama ruf, ya riƙe bindigar ko an yi gudu. Bindigogin zamani irin su Glock, da aka fara ƙerawa a Ostiriya a farkon shekarun 1980, ba su da wani makulli na gefe da ake turawa da babban yatsa, don haka bakin riga ko igiya in ta shiga wurin kunama lokacin mayarwa, tana iya tayar da ita. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya mayar da bindiga kube sannu a hankali, yana kallo, domin babu wata gaggawa a nan. Da ya dawo gida kuma, akwatin ƙarfe mai makulli ne masaukinta. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka kashe kansu. Mai gidan da ya san wannan ba zai bar makami inda yaro ko mai ƙuncin rai zai kai hannu ba.

Sashen da ya fi kama zuciyata shi ne na Massad Ayoob, wanda ya rubuta littafinsa In the Gravest Extreme a 1980, ya kuma daɗe yana ba da shaida a kotuna a matsayin masani. Shi ya fi kowa nanata cewa ranar da ka rataya bindiga, ranar ka sallama haƙƙinka na yin zuciya. Wani ya zage ka a kan hanya, ka ba shi haƙuri. Wani ya sha gabanka da mota, ka ƙyale shi. Cacar bakin da a da za ta ƙare da tsaki, yanzu akwai makami a cikinta, kuma kai ka kawo shi. Har shawara ya bayar cewa mutum ya riƙa ajiye ɗan kuɗi a naɗe jikin kwalin ashana, in 'yan iskan gari suka tare shi ya jefa musu ya wuce, domin wannan asara ba a haɗa ta da ɗaukar rai. Yana koyar da cewa ba a harbi sai abu uku sun haɗu: mutumin yana da abin da zai kashe ko ya nakasa, yana da damar yin haka nan take, kuma ya nuna da aikinsa cewa abin da yake nufi ke nan. Ba a harbi don dukiya, ba a bin wanda ya juya ya gudu, kuma da haɗarin ya gushe an tsaya.

Ranar 8 ga Janairun 2011, a Tucson ta Arizona, wani mutum ya buɗe wuta a taron 'yar majalisa Gabrielle Giffords a gaban wani kanti, ya kashe mutum shida. Wani matashi mai shekara 24 yana sayayya a shagon kusa, da bindiga a aljihunsa. Ya ji harbi, ya fito a guje, hannunsa a kan makamin. Abin da ya fara gani shi ne mutum riƙe da bindiga a kan wani da ke kwance. Bai zare tasa ba. Ya kama hannun mutumin ya danna shi da bango, sai jama'a suka yi ta ihu cewa ba shi ba ne. Ashe wanda ke riƙe da bindigar yana cikin waɗanda suka ƙwace ta, maharin shi ne na ƙasa. Matashin ya taya su danne shi har 'yan sanda suka iso. Daga baya da bakinsa ya ce ya yi sa'a.

Malamai ba sa son ɗalibinsu ya dogara da sa'a a irin wannan sakan, don haka suka shigar da shi cikin darasi. A makarantu irin su Gunsite akwai gidajen gwaji da ake jera hotunan mutane a ɗakuna, wani riƙe da makami, wani hannunsa wayam, ɗalibi ya bi lungu-lungu yana duba hannaye kafin ya yanke hukunci. A gasar ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a 1976 da Cooper a matsayin shugabanta na farko, duk wanda ya sami allon da aka hana harbi ana zaftare masa maki. Wanda kuma bakin bindigarsa ya juyo bayan fili inda mutane suke, ko ta suɓuce masa ta faɗi yana tsakiyar zagaye, alƙalin gasa yana tsayar da shi nan take ya sallame shi daga gasar baki ɗaya, ko da shi ne zakaran bara.